Magaryar da Ta Fito a Lambun Zahir

Sabo mijin yayata Ruƙayyatu ne, kuma a duk Takarin da na sani a Makka ban ga mai ƙarancin magana irinsa ba. Sai ka yi masa tambaya da hantsi ya ba ka amsa bayan la'asar, amsar ma ba ta wuce kalma uku. Ni kuwa Shatu, Allah ya yi ni da baki da saurin hannu, shi ya sa muka yi shekaru ina faɗa yana shiru. Ina ba da labarinsa ne don babu wanda ya rage da zai bayar. Bai bar ɗa ba, bai bar gida ba.

Mu bakwai muka fito daga ƙasar Katsina da ƙafa, mu uku muka iso. Shekara shida muna hanya, muna tsayawa mu yi ƙodago a gonakin audugar Sudan, mu ƙara gaba. Mahaifiyar Sabo ta rasu a Wadai. 'Ya'yan Sabo da Ruƙayyatu biyu, ɗaya zazzaɓi ya ɗauke shi, ɗaya gudawa, muna bakin teku muna jiran jirgin ruwa. Mijina ma a can muka binne shi. Da muka sauke farali, babu guzurin komawa, babu ƙarfin ma, sai muka zauna kamar yadda dubban mutanenmu suka zauna. Wannan kafin yaƙin Turawa na biyu ne.

Sabo ya fara da ɗaukar ruwa, garwa biyu a sanda, yana hawa benayen Larabawa har kafaɗarsa ta yi kanta. Wata rana wani mai shagon yadi, Sidi Hassan, ya tarar da shi a kan soro yana gyara wata ɗoɗɗoya da ke mutuwa a tukunya, alhali ba wanda ya sa shi. Ya tambaye shi ko ya iya noma. Sabo ya ce a ciki aka haife shi. Washegari aka kai shi Zahir.

Zahir a lokacin bayan gari ne, 'yan lambuna da rijiyoyi, daga nan sai duwatsu. Lambun Sidi Hassan ba babba ba ne. Akwai dabino shida, rumman, lemun tsami, da rijiya mai ruwan zartsi. Jikin katangar kudu kuma dogon layi ne na lalle da fulli, farin furen nan mai ƙamshi da matan Makka ke shiryawa a zare su rataya wa amare. Matar Sidi Hassan ce ta dasa fullin da hannunta, shi ya sa gidan ke ji da shi. Sannan kusa da rijiya, a ƙarƙashin dabino, akwai ɗakin dutse guda ɗaya. Aka ce Sabo da matarsa su zauna a ciki muddin yana kula da lambun.

Wanda bai zauna a unguwar Jarwal ba ba zai san darajar ɗakin nan ba. Ni a Jarwal nake, a cikin sandaƙa, wato ɗakin da ake haɗawa da gwangwanayen kananzir da aka buɗe aka daddake. Da bazara, in ka jingina da bango sai ya tashi fatarka. Na ga lafiyayyun mutane sun kwanta a ciki da azahar ba su tashi ba. Ɗakin Zahir kuwa, ko da tsakar rana ka shiga sai ka ji sanyi a tafin ƙafa. Ranar da yayata ta shiga ta kwanta a ƙasa, kuka ta yi.

Layin lallen nan, da Sabo ya same shi ya zama daji. Shekara huɗu ba a taɓa shi ba, ya fi mutum tsawo, ƙasa duk tsirara, ganye sai can sama, ga sheƙar rina a ciki. Sidi Hassan ya ce a sare a daidaita a ranar. Sabo ya ce sai zafi ya karye. Balaraben ya yi ta surutu, ya gaji, ya hau jakinsa ya tafi.

Haka tsarin Sabo yake har ya bar aikin. Ba ya sa ƙarfe a jikin shuka sai ƙarshen kaka, haka yake cewa, ko da yake a Makka babu gero balle girbi. Da asuba zai ɗora tafin hannu a kan dutsen katanga. In dutsen bai huce daga ranar jiya ba, sai ya mai da laujensa ya rataye. In ya ji sanyi a dutsen kwana uku a jere, sai ya ba shukokin ruwa su ƙoshi, ya bari su kwana, ya zauna ya wasa lauje da wuƙa har su iya aske gashin hannu.

Busassun rassa yake fara cirewa, sannan waɗanda suka gitta suna gugar juna. Daga nan ya durƙusa ya leƙa gindi, ya zaɓi tsofaffin sanduna, cikin uku ya cire ɗaya tun daga ƙasa. Sauran sai baɗi. Yanka ɗaya yake yi, a karkace, sama kaɗan da idon da ke kallon waje, don sabon reshe ya fita waje iska ta sami hanya a tsakiya. In yankan babba ne ya kwaɓa toka da laka ya shafe bakin. Fulli kuwa lallaɓa shi yake yi, ya rage nan ya rage can, ba ya barin sa tsirara. Shekara uku ya ɗauka kafin layin ya dawo daidai ƙugu, amma da ya dawo, wallahi tun daga bakin hanya ake jin ƙamshi.

Ni nake kwashe ganyen lallen da ya yanke, in shanya, in daka, in sayar wa mata alhazai. Sau ɗaya na ga yana jan jiki, na fizge laujen na ce bari in taya shi mu gama. Reshe biyu na sara ya riƙe mini hannu.

"Shatu, wannan ba itacen girki ba ne," in ji shi.

Na ce oho, ai sai ya kwana yana yi. Ya kuwa kwana uku yana yi.

Shekarar babbar ambaliya, wadda ruwa ya shiga har cikin Harami, kwari ya cika ya rushe gefen katangar lambun. Bayan ruwa ya janye, sai ga wata 'yar magarya ta tsiro a tsakiyar layin, tsakanin fulli da lalle. Ba ta fi ɗan yatsa ba. Da yatsa biyu za a cire ta. Na miƙa hannu, Sabo ya ce kul.

Ashe a wurin karatu a Harami ya ji malami yana cewa itacen da ya fito don kansa a cikin iyakar Harami ba a sare shi, ba a ko karya ƙayarsa. Zahir kuwa a cikin iyakar yake. Lalle da fulli mutum ne ya dasa, waɗannan zai yi musu aski. Magarya kuwa ba wanda ya dasa ta, ruwa ne ya kawo ta.

Na ce, "Haba Yaya Sabo, wannan abar? Ko akuya ba za ta ƙoshi da ita ba."

Ranar ya yi maganar da ta fi kowace tsawo da na taɓa ji a bakinsa. Ya ce, "Shekara shida na yi ina tafiya. Na binne uwata da 'ya'yana a hanya don in zo in mutu a nan da hannu mai tsabta. Ba zan ɓata shi a kan magarya ba."

Sidi Hassan da ya ji, dariya ya yi, ya ce Takari sun fi 'yan gari tsoron Allah, a bar masa abarsa. Aka bari. Ita kuwa magarya ta sami ruwan da ake ba fulli kullum, ta sami taki, ta ce ga wuri. Cikin shekara takwas gindinta ya kai kaurin cinya, rassanta suka rufe rabin layin, suka sauko kan hanyar da baƙi ke bi. Kowace kaka Sabo zai gyara komai a kewayenta, ita ko ganye ba ya tsinka. Sai dai ya ɗaure rassan da igiya ya ja su baya, ƙaya tana yagar masa hannu. Lallen da ke ƙarƙashinta ya miƙe siriri yana neman rana, fullin ya saba da inuwa. Kullum na zo sai na yi masa maganar, kullum sai ya ce in bari tukuna.

A cikin shekarun nan ne ciwo ya kama Ruƙayyatu. Tana tuƙa tuwo ta faɗi, ɓarin jikinta na hagu ya shanye, idonta ya koma ganin dishi-dishi. Da murya take gane mutane. Sabo ke ɗaga ta ya kwantar, ni ke yi mata wanka da tsarki, in juya ta don kada bayanta ya yi gyambo. Kowace safiya nake takowa daga Jarwal. Duk wanda ya zo dubiya abu ɗaya yake faɗa, cewa sanyin ɗakin nan ne ke riƙe da ita.

Sai Sidi Hassan ya rasu, lambu ya koma hannun ɗansa Mahmudu. Ba mugu ba ne, kada in ɗauki alhakinsa, amma mutum ne mai son tsaf-tsaf, mai farar riga da agogo. Ya zo da baƙi daga Jidda a tsakiyar bazara, igiya ɗaya ta kwance, reshen magarya ya zabga masa ƙaya a kumatu a gaban mutane. Ya kira Sabo yana dafe da fuska. Ammi yake ce masa, wato baffa.

"Ammi Sabo, babana ya yi haƙuri da kai, ni ba zan iya ba. In na dawo na tarar da wannan ƙayar, ka nemi wani wuri."

Bai faɗi ranar da zai dawo ba. Wani wuri ina? Sandaƙata ce kawai, kuma na san abin da sandaƙa za ta yi wa mace da ba ta iya juya kanta.

Na tafi unguwar Misfala gidan Malam Idris, wani malaminmu Bahaushe, na zauna bayan labule na faɗa masa komai. Ya ce hanin gaskiya ne, amma malamai sun ba da dama in don gyaran lambu ne, babu laifi a kan mai lambun. Kai! Shekara takwas muna shan ƙaya a banza. Ban ko tsaya shan ruwa ba na nufi Zahir. Sabo ya saurare ni har na gama. Washegari ya sa rigarsa ta Juma'a ya tafi ya ji da kunnensa. Da ya dawo na tare shi a bakin rijiya.

"To?"

"Na ji. Zan sare."

"Yaushe?"

"Bari zafi ya karye."

"Kwana nawa ke nan?"

"Arba'in. Ko hamsin."

Na ce masa abin da ba a faɗa wa mijin yaya. Na ce ya fi son itace a kan matarsa. Na ce shekara takwas ina jin bari tukuna, wannan ma ita ce ya sake mata riga. Na ce in aka kore su yayata ta mutu, jininta yana wuyansa. Ya tsaya yana kallon guga har na gama, sannan ya zura shi a rijiya ya ci gaba da jan ruwa. Wallahi da ya zage ni da ya fi mini sauƙi.

Kwana huɗu bayan haka ya kora jaki tun da sassafe ya tafi masaukin raƙuma ɗebo taki. Na san ba zai dawo ba sai azahar. Yayata tana barci, ba ta san ya fita ba. Na ɗauko gatarin faskare a bayan ɗaki.

Ban san inda na sami ƙarfin ba. Ƙaya ta yayyaga mini hannuwa da wuya, ban ji ba. Da magaryar ta tafi, a kan layin ta faɗi, ta danne fulli wajen guda biyar. Na sassare rassan na ja su gefe. Sai na duba na ga lallen nan dogo-dogo, siriri, wani ya karye wani ya kwanta, abin ba kyan gani. Na ce in Mahmudu ya zo ya ga haka ai ba a yi komai ba. Sai na bi layin gaba ɗaya da gatari, lalle da fulli, na daidaita su iya gwiwa. Gatarin ba kaifi, yana sara yana tsaga sandunan har ƙasa. Da na gama na tsaya ina haki, ina jin daɗi a raina. Na ce yau na ceci yayata.

Sabo ya shigo da jaki rana tana tsaka. Ya tsaya. Ya daɗe a tsaye, har jakin ya gaji ya wuce inuwa da kayansa. Bai kalle ni ba. Ya je ya durƙusa ya taɓa bakin wata sanda da ta tsage, ya ɗaga kai ya dubi rana.

Daga cikin ɗaki Ruƙayyatu ta kira shi. Ta ji ƙarar gatari tun da hantsi, kuma shekara goma sha uku duk ƙarfen da ya yi ƙara a lambun nan hannun mijinta ne.

"Malam, kai ne ka sare?"

Ina tsaye a bakin ƙofa, hannuwana a cikin mayafi. A lokacin ne ya dube ni, sau ɗaya.

"Ni ne," in ji shi.

"A wannan zafin? Kai da ka sani?"

Ya juya ya koma wajen shukokin. Ni kuwa na ƙara cusa hannuwana a cikin mayafi. Na ce a raina gobe na faɗa mata.

Ya yi iya yinsa. Ya bi kowace sanda da wuƙa ya gyara bakin tsagar, ya shafa toka da laka. Ya kafa sanduna ya shimfiɗa tabarmi da ganyen dabino a sama, har tabarmar da yake kwana a kai. Ya ja ruwa har rijiya ta koma laka. Amma a kwana na uku samum ta taso, iskar nan mai zafi kamar bakin tanda, ta yi mako guda tana busawa. Shukokin da suka shekara takwas a inuwa, ga su tsirara, ba ganye, ga rauni a buɗe. Ɓawonsu ya yi baƙi ya daddare. Fullin duk ya mutu, ko ɗaya bai tsira ba. Lallen ma sai 'yan kaɗan a can ƙarshen layi.

Mahmudu ya zo bayan kwana ashirin. Ina tsakar lambun ina wanki, na ji komai. Ya bi layin daga farko har ƙarshe, ya dawo ya tsaya a gaban Sabo.

"Ammi Sabo, ba kai ka zo shagona ba? Ba kai ka ce in ba ka kwana hamsin ba, in an sare yanzu fullin mahaifiyata zai ƙone? Na ce na ba ka. To mene ne wannan?"

Sabulu ya suɓuce daga hannuna. Ashe ranar da ya je wurin Malam Idris, daga can shagon Mahmudu ya wuce. An ba shi lokacin. Babu wanda zai kore su. Bai faɗa mini ba, don shi a wurinsa ya riga ya ce zai sare, magana ta ƙare.

Sabo ya ce, "Kuskure ne, Sidi."

Mahmudu ya ce tsufa ya kama shi, ba zai iya barin sauran itatuwan a hannunsa ba. Ya ba su mako guda. Na buɗe baki in yi magana, Sabo ya girgiza mini kai. Kuma gaskiya, ko na faɗa, me zai canza? Mai lambun da ƙanwar matarsa ke shiga da gatari, shi ma korarsa za a yi. Da wannan na lallashi kaina na yi shiru.

A kan jaki muka kai ta Jarwal, Sabo yana riƙe da ita ta gefe. Zafin bai karye ba sai bayan wata guda, kuma watan nan ya gama da ita. Muna jiƙa buhu mu rataya a bango, kafin a jima ya bushe. Bayanta ya fashe. Ta daina cin abinci sai kunu cokali biyu. Sabo ya koma ɗaukar ruwa da tsufansa, garwa ta farko kullum tata ce.

Amma ta daina yi masa magana. In ya shigo ya yi sallama, sai ta juya fuska wajen gwangwani. In zai ɗaga ta, ta ƙyale shi ya ɗaga, ba ta ce sannu ba. Ni kuwa in ina yi mata wanka sai ta riƙe hannuna da hannunta mai lafiya, ta ce, "Shatu, ke kaɗai gare ni. Shekara takwas ya ƙi, sai ranar da ko mahaukaci ba zai sare ba. Ya fitar da ni daga ɗakina." Ina goge mata baya ina cewa ta yi haƙuri. Kullum ina cewa gobe, kuma ban faɗa ba. Tsoro na ji, ba wani abu ba, tsoron ta saki hannuna.

Ta rasu ranar wata Talata da walaha, sanyi ya fara shigowa. Sabo yana zaune a bakin ƙofa. Ta yi kalmar shahada, ta kira sunana, ba ta kira nasa ba.

Bayan an dawo daga maƙabarta mutane sun watse, na same shi yana ɗaure garwa a sanda zai fita aiki. Na tsaya a gabansa. Raina a ɓace yake, da shi, da ni, da kowa.

"Yaya Sabo, me ya sa ba ka faɗa mata ba? Ta tafi tana fushi da kai a kan abin da ni na yi."

Ya gama ɗaurin, ya gwada igiyar, sannan ya ce, "In na faɗa mata, wa za ta yarda ya yi mata wanka?"

Ya saɓa sandar a kafaɗa ya fita. Shekara huɗu ya ƙara a duniya yana ɗaukar ruwa, ni nake dafa masa abinci, kuma bai sake tayar da maganar ba ko sau ɗaya.